Babban Yatsa

Tun kiran assalatu nake sauke buhu
daga motar Taciman.
Hannuna ya saba da ƙaiƙayin kuɓewa,
ba na jin sa sai ruwan alwala ya taɓa.
Shekara sha tara a kusurwar nan ta kasuwar Asawase,
faranti ɗaya, laima mai faci uku,
kashi-kashi, na sidi biyar, na sidi goma.

Ba rana ce ta dame ni ba,
ba kuma yaron haraji mai baƙin littafi ba.
Babban yatsa ne.
Mace ta tsuguna, sallama a gutsure,
ta ɗauki ɗaya, ta danna tsinin: ƙas!
Ta ɗauki wata: ƙas!
Ta tabbatar ba ta ƙosa ba,
sai ta ce da tsada, ta kaɗe zane, ta yi gaba.
Wa zai sayi kuɓewa mai karyayyen hanci?
Ni ke kwashe su da magariba.
'Ya'yana huɗu a kan miyar guntaye suka yi ƙashi,
saura na yanka, na shanya bisa kwanon ɗaki
don ranar da damina ta juya baya.

Har na sa autana ya rubuta a kwali,
da Hausa, da Tonanci a ƙasa:
A duba da ido.

Lariba ba ta taɓa karanta shi ba.
Ita ce shugabar masu karyawa,
biyar take yi kafin ta tambayi farashi,
mu yi cacar baki, ta saya, ta nemi gyara,
ta tafi tana dariya da wushiryarta.
Sati biyu kafin azumi aka kai ta.

Bayan arba'in sai ga Baba Tanimu mai gyaran agogo,
riƙe da kwandonta
kamar wanda aka miƙa wa jinjirin wani.
Mutumin da ke cire ƙusa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero
ya tsaya gaban farantina bai san ta inda zai fara ba.
Ya tsinci manya-manya,
dogaye kamar ƙahon rago,
irin waɗanda wuƙa ke kuka a jikinsu.

Na karɓe.
Na ɗauki ƙarama, na kai ta kusa da kunnensa,
ni da kaina, a gaban kwalina:
ƙas!
Ka ji? Wannan ita ce miya.
Wadda ta lanƙwashe ba ta karye ba, bar wa masu iri.

Yanka ta ƙanana, Baba.
Kanwa kamar ƙwayar masara, kar ka zarce.
Daddawa, kifi banda, manja cokali biyu,
kaguwa in da banku za ka ci irin na maƙwabta.
Ka burga.
Kuma kar ka rufe tukunya,
yauƙi ba ya son a tsare shi, tsinkewa yake.

Yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi
kamar mai biya hadda.
Can ya ce, akwai abin da takan sa a ƙarshe,
mai ɗan zafi a maƙogwaro, ban taɓa tambaya ba.
Na ce citta ce.
Ban sani ba ko ita ce.

Ranar Laraba ya dawo.
Ta tsinke, ya ce, ruwa gefe, kuɓewa gefe.
Ka rufe? Na rufe, saboda ƙuda.
Asabar ya dawo.
Ta ja, ya ce, ya ɗaga hannu daga gwiwa har ƙirji,
sai dai ba citta ba ce.

Yanzu duk Asabar yakan tsuguna,
ya danna tsini da yatsan agogo, a hankali,
uku, huɗu, wani sa'in biyar.
Ni kuwa sai in shiga neman canji a bakin zane.
Mun gwada masoro, mun gwada kimba.
Kanumfari ne na wannan makon.

Kwalin yana gida,
da shi nake fifita gawayi.